Kurɓin Farko

A garinmu, can kudancin jihar Kaduna, ba a miƙa wa babba ƙwaryar burkutu sai wani ya fara kurɓa a gaban idonsa. Haka muka taso muka tarar. Tsoron guba ne ya kawo abin tun zamanin kakanni. In taron gari ne, biki ko makoki ko sasanta rigimar gona, gida ɗaya aka ɗora wa wannan aiki, kuma gidanmu ne. Duk tulun da aka buɗe, namijin gidanmu ne zai fara kai baki. Duk ƙwaryar da za ta je hannun dattijo ko baƙo sai ta bi ta bakinsa tukuna. Mai kurɓin farko ake ce masa, ba a kuma fara taro sai ya iso. Kakanmu ya yi, babanmu ya yi.

Ina aji biyu a sakandare babanmu ya kwanta. Cikinsa ya kumbura har yana ƙyalli, ƙafafunsa suka hau, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Da ya mutu, dattawa suka ce gubar da aka shirya wa dagaci ce ya shanye, ya ba da ransa saboda gari. An binne shi da ganguna da ƙaho, mata na guɗa, maza na harba bindiga sama. Mako bai zagayo ba kowa ya koma gonarsa. Ni kuwa karatuna a nan ya ƙare, don ba wanda ya tambayi yadda za a yi da ni.

Yayana ne ya ɗauko ni ya kawo ni Kaduna. Lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri, ɓangaren rini, kullum hannayensa da launi. Shi ya kai ni wurin wani mai walda a Makera na koyi aiki, shi ya ciyar da ni, a ɗakinsa na kwana har na yi gemu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke gaba ya ce ban san girman yayana ba. Na sani. Ba ni da wani uba bayan shi.

'Yan garinmu da ke Kaduna suna da ƙungiya. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ake zama, sau ɗaya a wata, a gidan ciyaman ɗinmu a Narayi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Mun baro gonaki da duwatsu a gida, amma ƙwarya ta biyo mu. Yaya ya gaji kujerar Baba, 'yar ƙaramar kujera kusa da tulu. Ni ban taɓa zama mashayi ba. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, kada in yi ƙarya. Na gwada ina saurayi, washegari na riƙe wutar walda hannuna na rawa, na kusa ƙona ƙafata, sai na ce wannan abu bai dace da sana'ata ba. A taro ɗan kunu suke ce mini. Ban damu ba.

Zamanin soja abin da sauƙi, don babu. Tulu ɗaya, in an yi arziki biyu, kowa ya jiƙa maƙogwaro a watse. Sai aka ce soja za su koma bariki, za a yi zaɓe. Nan da nan unguwa ta cika da fosta da motoci masu lasifika. Duk mai son kansila ko majalisa sai ya binciko inda 'yan gari kaza suke zama, ya zo gaisuwa. Kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Jarkokin burkutu, katon-katon na giyar kwalba, ga ogogoro, giyar nan mai zafi, a gora. Taron wata-wata ya koma na mako-mako, daga baya har tsakiyar mako ana kira.

Siyasa kuma ta zo da nata tsoron. Dattawa suka ce yanzu ne ma ya kamata a kula, don ba ka san wanda ya zo da zuciya ɗaya ba. Har kwalbar da aka buɗe a gabansu, da murfinta na kamfani, sai Yaya ya kurɓa. Wani ɗan garinmu da ya fito neman kansila ya ga abin ya yi masa, sai ya riƙa saka Yaya a motarsa duk inda za shi kamfen. Sabo, Kakuri, Barnawa, ko'ina aka miƙo abin sha, Yaya ne gaba. Masaƙa ta riga ta rage musu aiki, yau a je, gobe a ce babu auduga, don haka lokaci ya samu.

Sai cikinsa ya fara fitowa. Ka san mutanenmu da baki.

"Kai mai kurɓi, tun ba a rantsar da ku ba har ka fara ajiye tumbi?"

"Ribar dimokuraɗiyya ke nan," in ji Yaya, yana shafa cikin. "Ku da kuka saba da soja, ku ci gaba da ɗaure wando da igiya."

A yi ta dariya. Har wasu na taɓa cikin wai su ma su samu rabo.

Matarsa ce ta zo ta same ni a shago wata rana da hantsi. Tsakanina da ita akwai wasa, irin na mace da ƙanin miji. Kullum in ta gan ni sai ta ce, "Ƙaramin miji, yaushe za ka yi mini ƙofar ƙarfe irin ta masu kuɗi?" Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta zauna kan benci, ta jira na kashe inji.

"Baban yara ba shi da lafiya," ta ce.

"Mutumin da ke ƙiba?"

"Wace ƙiba? Ka gan shi ba riga kwanan nan? Ciki ne kawai. Hannuwa kamar kara, haƙarƙari duk a waje. Tuwo loma biyu ya ture. Ƙirjinsa ya fito kamar na yarinya mai tasowa, har kunyar cire riga yake yi a tsakar gida." Ta sunkuyar da kai. "Kai ƙaninsa ne, ba ni da wanda zan gaya wa. Tun kafin Kirsimeti muna ɗaki ɗaya kamar wa da ƙanwa. In na yi magana sai faɗa, wai na raina shi."

Na rufe shago na bi ta zuwa gidansu a Narayi. Na same shi kwance kan tabarma a baranda, rana tsaka. Ya buɗe ido na duba. Idon Baba ne, launin nan dai na ɗorawa. Kusa da kansa ga wata kwalba cike da saiwoyi da ɓawon itace. Na buɗe na shinshina. A ogogoro aka jiƙa su.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ciyaman," in ji matarsa. "Sun ce 'yan ɗaya jam'iyyar ne suka sa wa ɗan takararmu guba, shi ya shanye. Wai ya riƙa sha safe da yamma, ya wanke cikin."

"Yaya, tashi mu je asibiti."

"Asibiti ba ta maganin guba. Ko don ka yi aji biyu za ka koya mini?"

"To mu je su gaya mana ba za su iya ba, sai mu dawo."

"Ba inda za ni."

Na fita bakin titi na tsayar da tasi, na dawo na sungume shi. Na zaci zai yi nauyi. Ruwa kawai na ji yana motsi a cikinsa, kamar na ɗauki jarkar da ba ta cika ba. Tun daga Narayi har muka haye gada yana zagina. Direba ya ce, "Oga, ka tabbata ba sato shi ka yi ba?"

Likitan da ya gan mu ba babba ba ne sosai, mai gilashi, Hausarsa irin ta Zariya. Ya danna cikin, ya ƙwanƙwasa da yatsa yana saurare, ya ja fatar ido, ya duba tafin hannu.

"Baba, kana shan giya?"

"Ni? Ba na sha."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya harare ni.

"Gaskiya na faɗa, likita. Ban taɓa sayen giya na zauna na sha kamar 'yan iska ba. Kurɓa kawai nake yi. Aikin gidanmu ne."

Kuma har ga Allah haka ya ɗauka. Bai taɓa lissafa kansa cikin mashaya ba, ba wanda ya taɓa lissafa shi. Mashayi a wurinmu shi ne wanda ke faɗuwa cikin kwata, yana dukan mata. Yaya bai taɓa faɗuwa ba. Ni na yi wa likita bayanin al'adar: kowane dattijo da ƙwaryarsa, kowace ƙwarya da kurɓinta, kuma in tulu bai ƙare ba zagaye bai ƙare ba. Ga ɗan ƙaramin kurɓi ba ya karɓuwa, sai an ga maƙogwaro ya motsa. Likita ya cire gilashinsa ya goge.

"Baba," ya ce, "hantarka ba ruwanta da wanda ya saya. Duk abin da ya wuce wuya, ita ke fama da shi."

Aka ba mu gado. Aka soka masa allura a gefen ciki aka janye ruwa, rawaya kamar fitsari, yana ɗiga cikin bokiti. Kwanakin farko na ga abin da ban taɓa gani ba. Jikinsa na ɓari har gadon na ƙara, zufa kamar an zuba masa ruwa, yana nuna bango yana cewa a kore ƙadangaru. Babu ƙadangare ko ɗaya. Wata nas ta ce mini jikin ne ke neman abin da ya saba da shi. Na ce mata, to ya nema har ya gaji.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya kira ni gefe. Ya ce hanta ta ƙanƙance ta yi tauri. Ita ce ta sa ruwa ke taruwa, ita ce ta sa ido ya canza. Ƙirjin nan da ya fito, da rashin ƙarfi wurin iyali, duk giya da lalacewar hanta suka jawo. Ya ce akwai jijiyoyi a maƙoshi da suka kumbura, suna iya fashewa. Abin da ya mutu a hantar ba zai dawo ba. Ɗan abin da ya rage yana iya riƙe shi shekaru, in dai bai ƙara kai giya baki ba. Ba ragewa ba, ya ce. Ko ɗigo.

"To gubar fa, likita?"

"Ban ga wata guba ba bayan wadda kuke zuba masa da hannunku."

Sai na ba shi labarin Baba, yadda ya kumbura, yadda ya mutu, da abin da dattawa suka faɗa.

"Ban ga babanku ba, ba zan rantse ba," ya ce. "Amma abin da ka kwatanta da wanda ke kwance a can, kamarsu ɗaya."

Na fita na tsaya a baranda, na riƙe ƙarfen da aka kewaye ta da shi. Waldar ma ba ta da kyau, har yau ina tunawa. Ba kuka na yi ba. Raina ne ya ɓaci, irin ɓacin da ke sa mutum ya yi sanyi. A nan na yanke cewa ba za a buga wa Yaya ganga ba. In za a ƙi ni a ƙi ni.

An sallame mu a makon da farar hula suka karɓi mulki. Ɗan garinmu ya ci kansila, ƙungiya ta sa babban taron murna ran Lahadi. Ina fitowa daga coci na wuce gidan Yaya, don na san halinsa. Na same shi ya sa farar babbar riga da hula, rigar na lilo a jikinsa. Matarsa na tsaye bakin ƙofa, ta rasa yadda za ta yi.

"Yaya, ina zuwa?"

"Taro mana. Kansila guda, ɗan garinmu, a ce babu mai kurɓi? Su sha yaya?"

"Ka ji abin da likita ya ce."

"Ya ce kada in sha. Ai ba sha zan yi ba. Leɓe kawai zan jiƙa."

"To mu je tare."

An kafa rumfa, an yi hayar kujeru, matan zumuntar coci na waƙa da kiɗan tulu. Jarkoki a jere jikin bango kamar za a buɗe gidan mai. Ciyaman ɗinmu tsoho ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ba ya rabuwa da sanda. Yana ganin Yaya ya miƙe.

"Ga shi nan! Gubar maƙiya ba ta ci shi ba. Ɗan babansa!"

Aka yi tafi, aka yi guɗa. Na ga fuskar Yaya ta washe. Ya je ya zauna kan 'yar kujerarsa. Matar da ta dafa burkutun ta cika ƙwaryar farko ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. Na ratsa tsakiyar fili na kama bakin ƙwaryar.

A taronmu ƙarami ba ya magana sai an ba shi izini, kuma sai ya cire hula. Na cire hular da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙwarya.

"Baba ciyaman, a gafarce ni. Yayana ba zai kurɓa ba."

"Wa ya ba ka izinin magana?"

"Ba wanda ya ba ni. Likita ya ce hantarsa ta lalace. In ya ƙara sha zai mutu."

"Likita!" Tsohon ya juya ya dubi jama'a. "Yaron da aka haifa jiya ya san guba? Maganin da na kai masa ne ya tashe shi."

"Maganin da ka kai masa ogogoro ne, Baba. Da ya shanye kwalbar nan, da yau zaman makoki kuke yi."

Wani daga baya ya ce, "Mai walda, wuta ta taɓa maka ƙwaƙwalwa!" Wani ya ce, "Ku rabu da shi, ɗan kunu ne, baƙin ciki yake yi ba a taɓa tafa masa ba."

Sabon kansila ya taso cikin shaddarsa mai sitaci, yana murmushi irin na fosta. Ya dafa kafaɗata.

"Ɗan'uwa, kurɓi ɗaya ne fa, don albarka. Maganar asibiti kuma ka bar mini, yanzu gwamnati tamu ce."

"Ranka ya daɗe, gwamnatin tana raba hanta ne?"

Ya sauke hannunsa.

Ciyaman ya buga sanda a ƙasa. Tsohon nan ba wawa ba ne. Ya ce, "To shi ke nan, mun ji. In babba ya gaza, ƙarami ke ɗauka. Aikin gidanku ne, ba mu muka ƙirƙiro ba. Ƙwarya na hannunka. Kurɓa, mu fara taro."

Har masu kiɗa suka tsaya. Na san da zan kai baki sau ɗaya, da an yi tafi, an bar Yaya ya huta, an kuma ɗaure ni kan kujerar nan har nawa cikin ya fito.

"Ba zan kurɓa ba," na ce. "Ɗana ma in ya girma ba zai kurɓa ba. Wanda ya kawo giya ya ɗanɗana abarsa. In kansila ya yarda da abin da ya kawo, ai yana da baki."

Mata suka fashe da dariya. Mai burkutun ta ce, "Ni fa tun safe nake ɗanɗanawa, ga ni tsaye." Maza suka daka mata tsawa, wai ba maganar mata ba ce.

Sai wani dattijo, sa'an babanmu, ya nuna ni da yatsa. "Ubanku ya ba da ransa a kan wannan aiki. Kai kuma ka zo gaban jama'a kana tozarta shi."

Na yi niyyar kada in taɓo wannan magana a ranar. Shi ya taɓo.

"Ubana ba guba ya sha ba, Baba. Giyarku ya sha, ƙwarya bayan ƙwarya, har hantarsa ta ƙare. Kuka buga masa ganga kuka tafi gida."

Yaya ya miƙe ya mare ni. Marin ba ƙarfi, kamar ganye ya faɗo mini a fuska, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Mutumin da a da yake ɗaukar buhun masara shi kaɗai. Na zubar da burkutun a gindin mangwaro, na kife ƙwaryar kan kujera, na kama wuyan hannunsa na ja shi muka fita. Ya yi ta fizgewa, bai iya ƙwacewa ba. Bayanmu ana ta hayaniya, ban waiwaya ba.

Daga baya aka aiko mini cewa an ci ni tara, akuya da tulun burkutu. Na kai akuyar, don na yi wa manya magana ba izini, wannan laifi ne na yarda. Tulun na ce su jira. Suka cire ni daga ƙungiya.

Ban mayar da Yaya gidansa ba. Da yardar matarsa na kai shi gidana a Makera, ɗakin da ke bayan shago. Yawancin maƙwabtana Musulmi ne, babu gidan burkutu kusa, sai ka hau mota. Matata ta riƙa yi masa miya dabam ba gishiri, kamar yadda likita ya ce. Yana ci yana tsaki. Da safe in sa masa benci a inuwar shago, inda zan riƙa ganinsa ina aiki. Wani Malam tela da ke kusa da ni yakan zo su yi dara in ba shi da ɗinki. Da ni kuwa ba ya magana, sai dai ya yi da masu kawo aiki, ni ina ji.

"Alhaji, ka ga ikon Allah? Soja sun bar gwamnati, sun tare a gidan ƙanena. Ko fitsari zan yi sai na nemi izini."

Alhaji ya yi dariya, ni in ci gaba da walda. Zagi ba ya fasa jijiya.

Ya fara samun sauƙi. Ido ya ɗan washe, ƙafa ta saɓe, har ya fara neman ƙarin tuwo. Sai da damina ta yi nisa, wata rana na tafi kafa ƙofa a Barnawa. Abokansa biyu 'yan garinmu suka zo kan acaɓa, wai gaisuwa. Suka ce wa matata za su kai shi Kakuri ya sha iska ya ga mutane. Ita mace ce, su kuma manya ne, ba ta iya hana su ba. Na dawo da la'asar na same shi kan benci, yana kauce wa idona. Tun daga nesa na ji warin. Ina ajiye kayan aiki, sai na ji ya yi wani irin tari. Ya sunkuya kan kwanon da nake sanyaya ƙarfe, jini ya zubo ta bakinsa. Ba ɗan kaɗan ba. Ruwan kwanon duk ya koma ja.

Ni da Malam tela muka ɗauke shi. Malam ya bar keken ɗinkinsa a buɗe da ɗinkin mutane, ya riƙe kan Yaya a cinyarsa har asibiti, farar rigarsa ta ɓaci. Aka ce sai an ƙara jini. Aka gwada nawa ya yi, aka ɗiba. Cikin duk waɗanda suka yi masa tafi ƙarƙashin mangwaro ba wanda ya zo ya miƙa hannu a soka masa allura. Kansila ya aiko da gaisuwa. Likitan nan mai gilashi bai yi faɗa ba. Ya dubi Yaya ya ce, "Baba, wannan karon mun samu mun tsayar. Ban yi maka alkawarin na gaba ba."

Da ya ɗan farfaɗo, sai ga abokan nan biyu sun shigo ɗakin marasa lafiya, suna sunne kai, ɗaya riƙe da baƙar leda. Suka gaishe shi, ni ba su gaishe ni ba. Mai ledar ya tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa, na ji ƙarar kwalba.

"Saƙon ciyaman ne," ya ce a hankali. "Ya ce gubar ce ta taso. An ƙara saiwa mai ƙarfi."

Na miƙe. Ban san abin da zan yi musu ba, amma na san ba mai kyau ba ne. Yaya ya ɗaga hannun da babu allura.

"Zauna," ya ce mini. Rabon da ya yi mini magana kai tsaye tun ranar taro. Na zauna.

Ya juya wurinsu. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da suka matso.

"Ku ɗauki abinku. Ku ce wa ciyaman na gode. Ku ce masa na ga jinina cikin kwano, ba na son in sake gani. Kujerar kuma a ba wanda yake so."

"Haba mai kurɓi, kai ma ka bi yaron nan?"

"Ku fita, ina jin barci."

Suka ɗauki ledarsu suka fita. Bai dube ni ba, ya juya fuska bango.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Yaya na nan da ransa. Ya koma gidansa a Narayi, masaƙa ta rufe gaba ɗaya, yana sayar da sabulu da sukari da ashana a bakin ƙofa. Bai warke ba, kada wani ya ce na ce ya warke. Ya rame, tafiyarsa a hankali, wani lokaci cikin yakan ɗan taso sai a ƙara masa ƙwayar fitsari, gishiri kuwa ya manta ɗanɗanonsa. Amma ya aurar da 'yarsa ta fari da hannunsa, ya ɗauki jika. Matarsa ta koma yi mini wasan ƙofar ƙarfe. Abin da ke tsakaninsu ban tambaya ba, ba hurumina ba ne.

Bai taɓa ce mini na gode ba, kuma na daina jira. Ƙungiya ta ba wani gida kujerar. Wani saurayi ne ke kai yanzu, mai kumatu, yana da ƙananan yara. Na tare shi a bakin coci na gaya masa abin da na gani da idona. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ni ba na sha." Zan sake tare shi. Ba na gajiya da wannan.

Ran Laraba mai zuwa Yaya zai ga likita. Ya aiko cewa ba sai na zo ba, zai je da kansa. Na riga na gaya wa mai gidan da nake yi wa taga cewa aikinsa zai jira zuwa Alhamis.